Amsar Wasiƙunku: Shin Bushewar Hancin Kyanwa Alamar Ciwo Ce?

Wasiƙar da muka ɗauko a wannan mako ta fito ne daga hannun wani manomi mai sauraronmu a Tsanyawa, can arewacin Jihar Kano, a kan hanyar nan da ta tashi daga Kano ta bi ta Bichi ta nufi Katsina. Bayan gaisuwa da fatan alheri, malamin ya ce yana da wata kyanwa da ta shekara uku a gidansa, wadda tun zuwanta ɓera ya daina yi masa ɓarna a rumbu. To tun da sanyi ya shigo, duk lokacin da ya taɓa hancinta sai ya ji shi a bushe ƙamas, kuma da ɗumi. Ya ce shi dai abin da ya sani a wajen shanu, in hancin sa ya bushe to babu lafiya. Wani maƙwabcinsa ya ba shi shawarar ya ɓantari rabin ƙwayar farasitamol ya jiƙa ya ɗura mata, wani kuma ya ce ya kai ta bayan gari ya yar tun ba ta shafa wa yara ba. Shi ne yake so mu bayyana masa, shin bushewar hanci da ɗuminsa alamar ciwo ce a jikin kyanwa, ko kuwa?

To malam, madalla da wannan tambaya taka, kuma mun gode da ka tsaya ka tambaya kafin ka aikata. Tun kafin mu shiga dogon bayani ga abu biyu na gaggawa. Kada ka ba ta wannan ƙwaya ko da ɓarɓashinta ne, kuma kada ka yar da ita. Amsar tambayarka a taƙaice ita ce, bushewar hanci da ɗuminsa su kaɗai ba su nuna cewa kyanwa ba ta da lafiya. Kyanwa lafiyayya hancinta kan bushe ya sake jiƙa sau da yawa tsakanin fitowar rana da faɗuwarta. Haka kuma kyanwar da ciwo ya ci ƙarfinta ana iya samun hancinta da sanyi da laima. Saboda haka a wani wurin ake neman labarin lafiyarta, kuma za mu gaya maka wuraren ɗaya bayan ɗaya.

Bari mu fara da maganar shanu, domin kuwa abin da ka faɗa game da su gaskiya ne. Duk wanda ya taɓa riƙe shanun huɗa, ko ya turke sa don kiwo, ko ya saba shiga kara a Dambatta ko Wudil, ya san cewa lafiyayyen sa hancinsa a jiƙe yake kullum, har ka ga 'yan ɗigo-ɗigon ruwa a kai kamar raɓa. Dalili shi ne, a ƙarƙashin fatar nan mai santsi da ke tsakanin ƙofofin hancin sa da leɓensa na sama, akwai wasu 'yan ƙananan maɓuɓɓuga masu yawan gaske da ke tsattsafo da ruwa dare da rana. In zazzaɓi ya kama sa, ko ruwan jikinsa ya ragu, sai tsattsafowar ta ja baya, hancin ya bushe. Shi ya sa makiyaya da dillalai suke dubawa, su ma likitocin dabbobi suna lissafa shi cikin alamu. Amma ko a wajen shanun, ai ka san gwani ba ya tsayawa a hanci. Sai ya duba ido, ya duba ko san yana tuƙa, ya duba kashinsa da tafiyarsa, sa'an nan ya yanke magana.

To ita kyanwa halittarta daban ce. Fatar kan hancinta ba ta da irin waɗannan maɓuɓɓuga na shanu. Laimar da kake ji a kai daga wasu wurare take zuwa. Akwai ɗan ruwan da ke gangarowa daga can cikin hanci. Akwai na hawaye, domin akwai wata siririyar hanya da ta haɗa ido da cikin hanci, wadda mu ma mutane muna da ita, shi ya sa in yaro ya yi kuka sai ka ga hancinsa na zuba. Sai kuma na harshe, watau lasar da take yi. Kowa ya san kyanwa da tsafta, wani babban kaso na lokacin da take a farke a wajen lashe jikinta yake tafiya, kuma duk lasar da ta yi sai harshen ya bi ta kan hanci. To in ta kwanta barci fa? Lasa ta tsaya ke nan. Ga shi kuwa kyanwa kan yi barcin awa 12 zuwa 16 a kwana guda. Saboda haka duk wanda ya je ya taɓa hancinta tana barci, ko tashinta ke nan, da wuya bai ji shi a bushe da ɗumi ba. In ya dakata ta miƙe ta yi miƙa ta lashe jiki, bayan ɗan lokaci sai ya ji laima ta dawo.

Sai kuma maganar lokaci. Ka ce tun da sanyi ya shigo ka fara lura da abin, to wannan ma ya ƙara mana haske. Daga wajen watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ke kaɗawa a ƙasar Kano daga arewa maso gabas, busasshiya ce mai ƙura, har danshin da ke cikin iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana. Kai da kanka shaida ne, leɓe na tsagewa, ƙafa na yin faso, in an shanya wanki kafin a juya ya bushe. Iskar da ta yi wa leɓenka haka ba za ta ƙyale ɗan ruwan da ke kan hancin kyanwa ba. Daɗin daɗawa kyanwa dabba ce mai son ɗumi. Da dare za ka same ta a gindin murhu ko cikin toka bayan an sauke tuwo, da safe kuma ta hau katanga ko kan rumbu tana shan hantsi. Wadda ta kwana da fuskarta a jikin dutsen murhu, ai dole hancinta ya ɗauki zafi. In bazara ta zo kuma, watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, nan ma za ka sake jin haka.

Wani abin da ya kamata ka sani shi ne, jikin kyanwa ya fi na mutum zafi tun asali. Zafin jikin mutum lafiyayye wajen digiri 37 ne. Na kyanwa lafiyayya kuwa daga digiri 38 ne zuwa 39 da ɗigo 2. Watau zafin da in aka same shi a jikin ɗanka za a ce zazzaɓi ne, a wajen kyanwa shi ne daidai. Shi kuma hannun mutum ba abin dogara ba ne wajen awo. In ka fito daga alwala da ruwan randa da asuba, duk abin da ka taɓa za ka ji shi da zafi, in kuma daga jin wuta ka taso, za ka ji shi da sanyi. Uwa kan ɗora hannu a goshin yaro ta ce jikinsa da zafi, amma in an je asibiti sai malamin asibiti ya sa ma'auni ya tabbatar. In kana son ka gane wa kanka, gwada wannan. Ka taɓa hancin kyanwar taka sau biyar a yini guda, da asuba, da hantsi, da azahar, da la'asar, da kuma bayan lisha. Za ka tarar abin da ka ji ɗazu ba shi za ka ji an jima ba, alhali kyanwar ita ce dai, lafiyarta ƙalau.

Wannan fahimta ba a ƙasar Hausa kaɗai take ba. A ƙasashen Turai da Amurka ma mutane da yawa sun ɗauka hanci mai sanyi da laima shi ne shaidar lafiyar kare ko kyanwa. Wasu likitocin dabbobi suna danganta asalin maganar da wata muguwar cutar karnuka da ake kira distemfa, wadda takan sa fatar hancin kare da ta tafin ƙafarsa su yi kauri su bushe su tsattsage. Kafin a sami allurar rigakafinta ta kashe karnuka masu yawa, sai mutane suka riƙe bushewar hanci a matsayin mugun labari, daga baya aka jawo maganar har kan kyanwa.

To in ba hanci ba, ina za a duba? Abu na farko shi ne ci. Kyanwar da ke cin abincinta kamar yadda ta saba, tana fita farauta, tana zuwa in ta ji motsin kwano, da wuya a ce wani babban ciwo na damunta, ko da hancinta ya fi ƙanzo bushewa. Amma in ta yi kwana guda cur ba ta sa komai a baki ba, a fara sa ido. In ta kai kwana biyu, a nemi malamin dabbobi, domin kyanwa ba ta jure doguwar yunwa kamar kare. In ta daɗe ba ta ci ba kitse kan taru a hantarta ya lalata ta, musamman ma in mai ƙiba ce. Ƙananan 'ya'yan kyanwa kuwa ko kwana guda bai kamata a jira ba.

Na biyu shi ne hali. Masana sun tabbatar cewa kyanwar gida daga kyanwar daji ta Afirka da Gabas ta Tsakiya ta samo asali, kuma har yau tana nan da ɗabi'ar kakanninta ta ɓoye rauni, domin a daji wanda ya nuna gajiya shi ake ci. Saboda haka kyanwa ba ta kuka ta sanar da kai ciwo. Sai dai ka ga ta shige ƙarƙashin rumbu ko bayan tukwane ta ƙi fitowa, ta takure wuri guda ta sunkuyar da kai, ta daina hawa katanga. Gashinta da ke sheƙi sai ya hargitse ya yi cibiri-cibiri saboda ta bar lasa. Wani lokaci za ka ga wata farar fata ta taso daga lungun ido ta rufe sashensa. Kai da ka zauna da ita shekara uku, kai ne ka fi kowa sanin ranar da halinta ya sake.

Na uku, ruwan jiki. Ka kama fatar da ke tsakanin kafaɗunta da yatsu biyu ka ɗaga a hankali ka saki. In ta koma nan take, ruwan jikinta na nan daidai. In ta tsaya a tsaye ko ta koma a hankali, ruwa ya ragu. Sa'an nan ka ɗaga leɓenta ka dubi dasashi. Na mai lafiya jaja-jaja ne, da santsi da laima. In ka danna shi da yatsa zai yi fari, ya dawo da launinsa kafin daƙiƙa biyu. In ka ji shi yana danƙo ko a bushe, ƙarancin ruwa ne. In ya yi fari fat, ƙarancin jini ne, wanda ƙuma da tsutsar ciki kan jawo, ballantana ga ƙanana. In ya yi rawaya, shawara ce, hanta ko jini sun sami matsala. Ka ga ashe dasashi ya fi hanci faɗin gaskiya nesa ba kusa ba. Kyanwa mai nauyin kilo 4 tana bukatar ruwa wajen mililita 200 a kwana guda, watau bai kai rabin ledar fiya-wata ba, kuma wani sashe daga abinci take samu, domin naman ɓera kansa wajen kashi 70 cikin 100 ruwa ne. Duk da haka a ajiye mata ruwa mai tsabta a kasko a inuwa, a riƙa sakewa kullum, musamman da hunturu da bazara.

Na huɗu, numfashi. In tana kwance cikin natsuwa, ka dubi haƙarƙarinta ka ƙirga sau nawa yake ɗagawa a minti guda. Daga 20 zuwa 30 shi ne daidai. In ya haura 40 alhali ba gudu ta yi ba, akwai magana. Kare yakan buɗe baki ya zaro harshe yana haki don ya sha iska, wannan al'adarsa ce. Amma kyanwa in ka ga ta buɗe baki tana haki, ko dai zafi ya yi mata mugun yawa, ko ƙirjinta ya sami matsala. A kai ta inuwa, a shafa mata ruwa mai ɗan sanyi a jiki da tafin ƙafa, a nemi taimako ba tare da ɓata lokaci ba.

Na biyar, abin da ke fita daga jikinta. Amai sau ɗaya ba abin tashin hankali ba ne, don takan amayo gashin da ta haɗiya wajen lasa. Amma amai a kai a kai, ko zawo, ko jini a kashi, waɗannan alamu ne na gaske. Akwai wata cuta mai saurin yaɗuwa da ke zuwa da amai da zawo, wadda kan share 'ya'yan kyanwa gaba ɗaya cikin 'yan kwanaki. Masu muzuru kuma su lura, in ya riƙa tsugunawa yana yunƙuri yana kuka fitsari bai fito ba, mafitsara ce ta toshe, kuma tana iya kashe shi cikin kwana ɗaya ko biyu.

Wanda yake son ya tabbatar ko akwai zazzaɓi, hanya ɗaya ce, ma'aunin zafin jiki. A sayi irin mai batir ɗin nan da ake sayarwa a kemis, a keɓe shi don dabbobi kawai. Mutum ɗaya ya naɗe kyanwar da tsohon zane ya riƙe ta sosai don gudun yakushi, ɗayan ya shafa wa bakin ma'aunin man basilin, ya ɗaga wutsiya ya sa a dubura a hankali misalin santimita 2, ya jira har ya yi ƙara. In ya nuna 38 zuwa 39 da 'yan kai, lafiya lau. In ya haura 39 da rabi, zazzaɓi ne. In ya kai 40 ko fiye, a tafi wajen likita a ranar. In kuma ya sauka ƙasa da 37 da rabi, wannan ma haɗari ne, wani lokaci ma ya fi zazzaɓin. In kyanwar ta ƙi yarda tana fisge-fisge, a ƙyale ta, a bar wa malamin dabbobi.

Kada kuma a ce mun ce a daina duban hanci ɗungurum. Ana dubansa, sai dai da ido ake yi, ba da tafin hannu ba. In ka ga ya tsattsage, ko ya yi ɓawo, ko gyambo, ko kumburi, ko yana zubar da jini, wannan abin kulawa ne. Farar kyanwa mai jan hanci rana kan ƙona mata hanci da bakin kunne, kuma gyambon da ya ƙi warkewa a irin waɗannan wurare yana iya zama ciwon daji. Sai kuma majina mai kauri, rawaya ko koriya, tare da atishawa da kwantsa a ido, wani lokaci har da gyambo a harshe. Wannan ita ce murar kyanwa, kuma abin lura a nan shi ne, mai wannan mura hancinta a jiƙe yake sharkaf. Ka ga wanda ya dogara da laimar hanci sai ya ce lafiyarta ƙalau, alhali ita ce marar lafiyar. Kyanwa da ƙanshi take cin abinci, in hanci ya toshe sai ta ƙi ci. A riƙa goge mata hanci da ido da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, a ɗumama mata abinci mai ƙanshi kamar kifi, a kuma raba ta da sauran kyanwoyi.

Yanzu bari mu komo kan shawarar maƙwabcinka na farko. Mun san da kyakkyawar niyya ya ba ka ita, amma da ka bi, da wataƙila yanzu wani labarin ake yi. Hantar mutum tana da wani sinadari da ke sarrafa farasitamol ya fitar da shi daga jiki. Hantar kyanwa ba ta da isasshen wannan sinadari, saboda haka sai maganin ya juye ya zama guba, ya lalata jini har ya kasa ɗaukar iska. Rabin ƙwayar nan mai miligiram 500 yana iya kashe babbar kyanwa. Cikin 'yan awoyi za a ga dasashinta ya koma ruwan ƙasa, fuska da ƙafafu sun kumbura, numfashi yana yi mata wuya. In tsautsayi ya sa an riga an ba ta, a garzaya wajen likitan dabbobi, akwai makari in an je da wuri. Asfirin da ibufurofen su ma haɗari ne gare ta. Kafson nan ja da yalo da ake ɓarkewa a zuba wa kaji a ruwa, shi ma kada a ba ta sai da izinin likita.

Har ila yau kada a shafa mata man zafi ko Robb a hanci don wai ya yi laushi, domin duk abin da aka shafa wa kyanwa lashe shi za ta yi ya tafi ciki. Kada a wanke ta da Dettol ko Izal. Maganin kaska da ake zuba wa shanu ko karnuka a gadon baya, da fiya-fiya, da maganin feshin gona, duk suna iya kashe ta, alamarsu kuwa ita ce dalalar da miyau da karkarwa da faɗuwa. In an sa maganin ɓera a gida ko a rumbu, a tsare kyanwa a wani ɗaki, a kwashe matattun ɓerayen a binne, domin in ta ci wanda ya ci guba ita ma tana iya samun rabonta. Albasa da tafarnuwa masu yawa a cikin sauran miya su ma suna lalata mata jini.

Shi kuma maƙwabci na biyu da ke tsoron kada ta shafa wa yara, tsoronsa yana da tushe, sai dai ba a hanci abin yake ba. Murar kyanwa ba ta kama mutum. Abin da yara kan ɗauka daga jikinta shi ne makero, in an ga gashinta yana zubewa a kewaye kamar kwabo. Mace mai juna biyu kuma ta guji kwashe kashin kyanwa da hannu, saboda wata ƙwayar cuta da ke iya taɓa abin da ke cikinta. Babban abin tsoro shi ne ciwon haukan kare, domin kyanwa ma tana kamuwa in mahaukacin kare ya cije ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutane wajen 59,000 a kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta hanyar cizon kare ne. Alamarsa a jikin kyanwa ita ce sakewar hali farat ɗaya, ta riƙa kai wa mutane da dabbobi cizo ba dalili, miyau na zuba, ta kasa haɗiya, daga baya ƙafafu su shanye. In an ga haka kada kowa ya taɓa ta, a rufe ta a ɗaki a sanar da ma'aikatan dabbobi. Wanda kyanwa ko kare ya ciza ko ya yakusa har jini ya fito, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15, a wuce asibiti a ranar don allura, kada a jira alamu su bayyana, domin in sun bayyana magani ya ƙare. Tun shekarar 1885 Bafaranshen nan Louis Pasteur ya fara yi wa mutum allurar wannan ciwo. A nan Nijeriya kuma, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu yin allurar rigakafin dabbobi. Ana yi wa kyanwa rigakafin haukan kare daga wata uku da haihuwa, kuma ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita aka keɓe a duniya don faɗakarwa a kan ciwon.

Game da inda za ka nemi taimako, fara da sashen aikin gona na ƙaramar hukumarku ka tambayi malamin dabbobi, shi wanda ke duba muku shanu da awaki. In abin ya fi ƙarfinsa akwai asibitocin dabbobi a cikin birnin Kano, kamar na Gwale da na Kundila, akwai kuma asibitin koyarwa na likitocin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. In za a tafi da ita a sa ta a kwando mai murfi ko kwali mai ƙofofin iska, kada a ƙulle ta a buhu cikin rana. Ka riƙe a ka ranar da ta daina ci, da abin da ta ci na ƙarshe, da ko an sa maganin ɓera ko an yi feshi a kusa, domin waɗannan su likita zai fara tambaya.

Wani zai ce, duk wannan wahala a kan kyanwa? To a ƙasa irin ta Tsanyawa, inda gona ke jikin gona kuma abin da aka noma na gero da dawa da wake da gyaɗa shi zai riƙe gida har wata kaka, duk damin da ɓera ya ci daga bakin yara ya fita. Ban da ɓarnar hatsi, akwai zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu a shekarar 1969. Wani irin ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsarinsa da kashinsa a kan abinci, kuma da rani ya fi tashi. Cikin shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke bayarwa don kauce masa, ban da rufe hatsi da tsabtace gida da nisanta juji, har da ajiye kyanwa. Ka ga ke nan wadda ta tsare maka rumbu shekara uku ta ci a ba ta ruwa da inuwa, a kuma sa mata ido.

Saboda haka malam, in kyanwar taka tana ci tana sha, tana lashe jikinta, idonta garau, dasashinta ja da laima, to ka kwantar da hankalinka, hunturu ne da murhu. In kuwa ka ga ɗaya daga cikin alamun da muka lissafa, ka nemi malamin dabbobi ko da hancin nata ya fi randa sanyi. Muna fatan ka gamsu, kuma a gai da mutanen Tsanyawa da kewaye. Sauran masu sauraro da wasiƙunsu ke hannunmu su ƙara haƙuri, muna bin su ɗaya bayan ɗaya.